Kula da Bindigar Gargajiya: Lokutan Wanki, Gyara da Ajiya

BABI NA BAKWAI

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan farauta a matsayinta na ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Bahaushe, an kuma kawo makaman da mafarauta suke amfani da su, wato kwari da baka, da mashi, da gora, da adda, da bindiga. Daga cikin waɗannan makamai bindiga ce ta zo daga baya, ita ce kuma ta fi saura neman kulawa. Mashi ko adda idan suka yi tsatsa, iyaka su dakushe, a wasa su, su koma bakin aiki. Ita kuwa bindiga tsatsarta a ciki take, inda ido ba ya kaiwa, kuma ranar da ɓarnar za ta bayyana, a hannun mai ita take bayyana, dab da fuskarsa.

Saboda haka wannan babi zai amsa tambaya guda: yaushe ya kamata a wanke bindigar gargajiya, kuma sau nawa ya kamata a duba ta? Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya:

i. bayyana yadda bindiga ta shigo ƙasar Hausa a taƙaice;
ii. kawo dalilan da suke sa bindigar toka saurin lalacewa;
iii. jero lokutan wankinta da gyaranta;
iv. bayyana illolin da sakaci da ita yake jawowa.

7.1 Shigowar Bindiga Ƙasar Hausa

Harshe kansa ya nuna cewa bindiga baƙuwa ce. Kalmomin "bindiga" da "albarushi" da "harsashi" duk daga Larabci aka aro su, wanda ke nuna cewa ta hanyar cinikin Sahara Hausawa suka fara jin labarinta. A Barno, Mai Idris Aloma ya yi amfani da maharba bindiga waɗanda Turkawa suka horar tun a ƙarni na 16. A Kano kuwa, littafin Tarihin Kano ya ambaci shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), ya kuma nuna cewa Sarki Babba Zaki (1768–1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara da tara bindigogi, har ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a birninsa.

A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Birasel, wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogin da ake ɗurawa ta baki. Wannan na cikin dalilan da suka sa irin wannan bindiga ta zauna daram a hannun talakawa. Maƙera suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta. Ita ce ake kira bindigar toka ko harba-ruga, domin harbi ɗaya take yi, kafin a sake ɗura ta kuwa sai an ɗauki lokaci. Ana amfani da ita wajen farauta, da korar birai da gyado daga gona, da kuma bukukuwan sarauta irin su hawan Sallah, inda ake ɗura mata albarushi zalla ba harsashi, don a ji ƙara kawai.

7.2 Sassan Bindigar Toka

Kafin a fahimci yadda ake kula da ita, wajibi ne a san manyan sassanta:

(a) Bututu: dogon ƙarfe mai rami wanda ake ɗura albarushi da harsashi a cikinsa ta baki. Gindinsa a toshe yake.
(b) Kafar wuta: 'yar ƙaramar huda a wajen gindin bututun, wadda tartsatsi yake bi ya isa ga albarushi.
(c) Kunama: ƙarfen da ake ja da yatsa, tare da abin da yake sakowa ya yi duka a haifi tartsatsi. A tsofaffin bindigogi dutsen ƙanƙara ne yake kartar ƙarfe, kamar dai ƙyastu.
(d) Ƙota: icen da aka ɗora bututun a kansa, wanda ake dafawa a kafaɗa.
(e) Sandar ɗuri: siririyar sanda da ake tura ɗuri da ita, ita ce kuma ake naɗa wa tsumma wajen wanki.

Abin lura a nan shi ne, gindin bututun a rufe yake. Ke nan ba a iya leƙawa ta baya a ga haske kamar yadda ake yi da bindigar zamani, kuma duk dattin da ya shiga, can ƙasa yake taruwa, daidai wurin da wuta take tashi, inda aka fi bukatar ƙarfen ya kasance da ƙwari. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin bindigogin da ake ƙerawa a gida, bututunsu tun asali ba don harbi aka yi shi ba, kauri da ingancinsa ba su kai na masana'anta ba. Irin wannan ƙarfe tsatsa kaɗan ta ishe shi.

7.3 Abubuwan da Suke Lalata Bindiga

7.3.1 Ragowar albarushi
Albarushin gargajiya haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani irin gishiri. Idan ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, toka yake komawa. Wani sashe na tokar yana fita a matsayin farin hayaƙin nan da ake gani, saura kuwa ya manne a jikin bututun. Wannan toka tana ɗauke da gishiri-gishiri masu janyo danshi daga iska, kamar yadda gishirin miya yake jiƙewa da damina ko ba a zuba masa ruwa ba. Da zarar ta jiƙe sai ta fara cin ƙarfe. Idan akwai laima, kwana ɗaya ko biyu sun isa a ga jar tsatsa. Abin da ake sa wa a kan kafar wuta don ya ba da tartsatsi, musamman kan ashana, shi ma yana barin irin wannan gishiri, shi ya sa kafar wuta da kewayenta suke riga ko'ina lalacewa.

7.3.2 Yanayi
Ƙarfe yana saurin tsatsa idan danshin iska ya haura kimanin kashi 60 cikin 100. A Kano da makamantanta, danshi yakan haura kashi 70 a watan Agusta, ya kuma sauka ƙasa da kashi 25 a wajen Fabrairu. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne, farautar Bahaushe sana'ar rani ce. Ana fita bayan an kawar da amfanin gona, ana rataye makamai idan ruwa ya sauka an koma noma. Ke nan lokacin da tsatsa ta fi ƙarfi shi ne daidai lokacin da hankalin maharbi ya bar kan bindigarsa ya koma kan fartanya. Da hunturu kuwa tsatsa takan yi sauƙi, amma ƙura takan shiga cikin kunama ta haɗu da mai ta zama kamar kunun yashi, tana goge ƙarfe a hankali. Haka kuma bushewar iska takan sa ƙota ta tsage ko ta saki bututu.

7.3.3 Gumi da raɓa
Gumin hannu yana da gishiri. Maharbin da ya kwana yana sanɗa a daji, bindigarsa ta sha gumi ta sha raɓa, ko da bai harba ba.

7.3.4 Ƙwari
Gara da gunda suna cin ƙota. Zanzaro kuwa yakan shiga bakin bindigar da aka daɗe da ratayewa ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Wannan gini, ƙanƙantarsa ba ta hana shi toshe hanya ba.

7.4 Lokutan Wanki da Dubawa

Daga abin da ya gabata za a gane cewa ba a ƙidayar kwana kawai a ce ga ranar wankin bindiga. Abubuwa uku ne suke yanke lokacin: harbi, da yanayi, da tsawon ajiya. A kan haka za a iya kasa lokutan gida shida.

i. Ranar harbi. Wannan ita ce babbar ƙa'ida: ranar da aka harba bindigar toka, ranar ake wanke ta, ko da harbi ɗaya aka yi. Dalili kuwa, tokar harbi ɗaya ta isa ta lulluɓe cikin bututun gaba ɗaya, kuma ba ta jiran mai bindiga ya huta gajiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dawo daga daji a shagala da fiɗa da rabon nama, ko a dawo daga hawa a shiga gaishe-gaishen Sallah, a jingine bindiga a ce sai gobe, goben kuma ta zama mako.

ii. Tsakanin harbi da harbi. Idan ana harbi a jere, kamar yadda ake yi ranar hawa, toka tana taruwa ta matse ramin, ɗuri ya riƙa wahalar sauka. Mafi haɗari, garwashi yakan rage a ciki, musamman daga tsumma ko ciyawar da aka danne ɗurin baya da ita. Wanda ya zuba sabon albarushi a kan garwashi, wutar hannunsa za ta fara samu. Saboda haka ana zura tsumma mai ɗan danshi, a bi da busasshe, kafin a sake ɗuri, kuma ba a zuba albarushi kai tsaye daga goransa, sai an auna a wani mazubi daban.

iii. Bayan fita, ko da ba a yi harbi ba. A nan ba sai an yi wanki da ruwa ba. Ana goge bayan ƙarfen da tsumma, a shafa mai kaɗan, a karkaɗe ƙura daga kunama. Sai dai ba a shiga gida da bindiga a ɗure. Ɗurin da ya kwana yakan ja danshi ya ci gindin bututu, kuma bindiga ɗurarriya a gidan da ke da yara masifa ce a rataye.

iv. Lokacin ajiya. Da damina ya dace a sauko da ita a duba duk mako, in an yi jinkiri mako biyu. Da rani sau ɗaya a wata ya wadatar. Dubawar ba ta da wuya: a zura farin tsumma, in ya fito da ja, tsatsa ta fara, sai a goge a sake mai.

v. Kafin fita. Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana gobe farauta ake zura sanda a tabbatar ramin a buɗe yake har ƙasa, a share man da aka shafa a ciki, a tsokace kafar wuta, a jijjiga ƙota a ji ko ta saki.

vi. Sau ɗaya a shekara. Da kaka, kafin a buɗe farauta, ana kai bindiga wurin maƙerin da ya san aikinta. Shi zai raba bututu da ƙota, ya duba ƙarƙashi inda tsatsa take ɓuya, ya duba toshiyar gindi da ƙusoshi da kunama. Idan ya ga tsaga ko kumburi a jikin bututu, to bindigar ta gama aiki. Ba a yi mata faci, ba a ɗaure ta da waya.

7.5 Yadda Ake Wankin

Abin da yakan ba ɗalibai mamaki shi ne jin cewa da ruwa ake wanke bindigar toka, alhali ruwa ne yake kawo tsatsa. Bayanin kuwa shi ne, gishirin da albarushi yake bari a ruwa yake narkewa, mai ba ya narkar da shi. Wanda ya shafa mai a kan toka bai kawar da ita ba, rufe ta ya yi, tana nan a ƙarƙashi tana aikinta. Matakan wankin su ne:

1. A tabbatar babu ɗuri a ciki. Hanya mai sauƙi ita ce a yi wa sandar ɗuri alama a daidai bakin bindiga lokacin da aka san ba kome a ciki. Duk ranar da aka zura sandar alamar ta tsaya a sama, to akwai abu a ciki. Ba a leƙa bakin bindiga da ido, ba a hura shi da baki.
2. A nisanci murhu da fitila da taba, a kuma juya bakin bindigar inda babu mutane.
3. A zuba ruwan ɗumi, da ɗan sabulu idan akwai, a riƙa zura sanda mai tsumma sama da ƙasa, ana zubarwa ana sakewa. Ruwan farko baƙi ƙirin yake fitowa, da warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda farar wuta. Ana ci gaba har sai ya fito garau.
4. A tsokace kafar wuta da tsinke har ruwa ya riƙa fita ta nan.
5. A busar da ciki da busassun tsummoki, a kifa bakin ƙasa, a sa a rana na ɗan lokaci. Amfanin ruwan ɗumi shi ne yana ɗumama ƙarfen ya bushe da sauri.
6. A shafa mai ciki da waje nan take, domin ƙarfen da aka wanke tas ba ya daɗewa bai fara ja ba.
7. Bayan kwana biyu ko uku a sake zura tsumma, saboda gishirin da ya maƙale a ƙananan ramukan tsohuwar tsatsa yakan sake fitowa.

7.6 Mai da Wurin Ajiya

Maharba sun daɗe suna amfani da man kaɗe da kitse da man ja da man gyaɗa, daga baya kuma man keken ɗinki da man inji suka shigo. Kowanne da halinsa. Man gyaɗa yakan yi danƙo idan ya daɗe, ya riƙe kunama. Kitsen da ke da gishiri tsatsa yake kawowa maimakon ya hana. Man inji yana tsare ƙarfe sosai, amma idan ya ƙone tare da albarushi yakan bar wani baƙin datti mai kama da kwalta, don haka dole a share shi kafin ɗuri. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa datti ne tun asali, bai dace ba sam.

Ƙa'idar ita ce kaɗan ya wadatar. Mai idan ya yi yawa yana tara ƙura, yana jiƙa albarushi ya hana shi kamawa, yana kuma gangarawa ya shiga ƙota ya sa icen ya yi laushi. Shi ya sa ya fi kyau a bar bakin bindiga yana kallon ƙasa bayan an shafa mai.

Wajen ajiya kuwa, ba a jingine ta a ƙasa ko a jikin bangon da yake tsatsafo. Ana rataye ta a sama, inda iska take ratsawa, a toshe bakinta da tsumma saboda zanzaro, amma a bar jelar tsumman a waje don kada a manta da shi. Ba a barin ta cikin kube na fata tsawon damina, domin fata tana riƙe danshi. Albarushi kuwa wurinsa daban, a busasshen mazubi, nesa da wuta, nesa da hannun yara.

7.7 Bindigar Zamani

Wasu maharba suna riƙe da bindiga mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda ake karyawa a sa harsashi ta baya. Albarushin da ke cikin harsashinta irin marar hayaƙi ne, wanda aka fara samarwa a Faransa a 1884. Dattinsa kaɗan ne, kuma ba ya cin ƙarfe da gaggawa kamar na gargajiya, don haka ba da ruwa ake wanke ta ba, da mai da tsumma ake yi. Duk da haka goge ta bayan kowace fita da duba ta da damina suna nan daram. Wajibi ne kuma a san cewa albarushin zamani ƙarfinsa ya wuce abin da bututun bindigar toka zai iya ɗauka. Zuba shi a cikinta neman fashewa ne.

7.8 Illolin Sakaci

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Sakaci da bindiga yana haifar da:

(a) Fashewar bututu. Tsatsa tana rage kaurin ƙarfe daga ciki, toshewa kuma tana hana ƙarfin harbi fita ta gaba, sai ya nemi hanya ta gefe. Hannun da yake tallafe da bututu da idon da yake saiti su ne suka fi kusa. Asarar yatsu ga manomi asarar abincin iyali ce.
(b) Ƙin tashi. Bindigar da kafar wutarta ta toshe takan ƙi tashi a gaban dabbar da ta fusata, alhali harba-ruga dama ɗaya take bayarwa.
(c) Jinkirin tashi. Albarushi mai danshi yakan ci wuta a hankali, bindiga ta yi shiru, sannan ta tashi bayan maharbi ya sauke ta. Saboda haka wadda ta ƙi tashi ana ci gaba da fuskantar da bakinta inda ba kowa, a dakata tukuna.
(d) Ɗuri a kan ɗuri. Wanda ya manta da tsohon ɗuri ya ƙara sabo ya ninka wa bututu kaya.

7.9 Al'ada da Doka

A wurare da dama maharba ba su yarda a tsallaka makaminsu ko a taɓa shi ba tare da izini ba, wasu kuma suna ɗaura masa layu. Ko me mutum ya ɗauki wannan camfi, yana da amfani guda a fili: yana nisanta yara da baƙi daga makami. Sai dai laya ba ta hana tsatsa. Sarkin Baka da manyan maharba su ne al'ada ta ɗora wa nauyin horar da na baya da tsawatar wa masu ganganci.

Ta fuskar hukuma, Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, ta sanya waɗanda ake ɗurawa ta baki a rukuni na uku, ta kuma ba hukuma ikon hana riƙe su sai da lasisi. Ke nan gadon sana'a bai ɗauke wa maharbi bin doka ba. Ɗalibin harshe zai kuma lura da yadda ma'anar "'yan bindiga" ta sauya. A da dakarun sarki ake nufi, a yau kuwa kafofin watsa labarai sun fi amfani da ita ga ɓarayin daji masu kisa da satar mutane.

7.10 Kammalawa

An ga cewa bindigar toka ta fi lalacewa a ranakun da ba a amfani da ita, wato daren da ya biyo bayan harbi da kuma watannin damina. Don haka ake wanke ta ranar harbi, a goge ta bayan kowace fita, a duba ta mako-mako da damina da wata-wata da rani, a kuma kai ta ga maƙeri duk shekara. Da yawa daga cikin masu karanta wannan babi za su koyar a makarantun karkara, inda wasu ɗalibansu za su fito daga gidajen da bindiga take rataye a ɗaka. Malamin da ya san wannan darasi zai iya gaya wa yaro dalilin da ya sa ba a taɓa ta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Auna Fahimta

1. Me ya sa ake wanke bindigar toka da ruwa, ba a wadatu da mai ba?
2. Bayyana dangantakar da ke tsakanin lokutan shekara a ƙasar Hausa da lalacewar bindiga.
3. Kawo lokuta shida na kula da bindiga, tare da dalilin kowanne.
4. Kawo karin magana uku da suke nuni ga muhimmancin shiri tun da wuri.

Jinga

Ziyarci Sarkin Baka ko wani dattijon maharbi a garinku, ka tattaro sunayen da yake kiran sassan bindiga da su a karin harshen yankin, ka kwatanta su da na wannan babi. Aikin na tambaya ne da rubutu, ba a yarda ɗalibi ya taɓa makami ba.